Ranar da Na Ɗumama wa Wawulo Abinci

Idan ka shiga Jos ka ce kana neman Kallamu, za a tambaye ka wanne. Amma ka ce Kallamu Ai-Sabi, ko mai tallan gyaɗa za ta nuna maka ƙofata. Ba a raɗa mini wannan suna da rago ba. A Inugu na samo shi, kuma da bakina na saya.

Lokacin ina gadi ne a gidan wani Bature injiniya, muna ce masa Mai Lofe don ba a raba bakinsa da lofen shan taba. Turancina duka-duka kalma biyu ne, ai sabi, wato na iya, kuma ban taɓa barin su sun huta ba. Ko jirgin sama aka ce wa zai tuƙa, kafin a rufe baki na ce ai sabi.

Shekarar ita ce wadda soja suka yi juyin mulki har sau biyu. Damina ta zo ƙarshe, gari ya ɗauki zafi, 'yan Arewa da ke unguwar Uwani kowa ya ɗaure kayansa yana neman hanyar gida. Jirgin ƙasa kuwa ta taga ake shigarsa. Ga matata Kubura tana ɗanyen jego, jaririyarmu Sa'a ko cibiyarta ba ta gama warkewa ba. Ina mai jego ina tsallaka taga? Abin nan ya dame ni ƙwarai, har tuwo ya daina yi mini daɗi, ko da yake a majalisa cewa nake ni ba inda za ni sai ranar da na ga dama.

Ana haka sai Mai Lofe ya kira ni. Yana jin Hausa irin tasu ta Turawa, wadda ba ta san mace ba ta san namiji ba. Ya ce an mai da shi Jos, lorin kamfani zai kwashe kayansa, amma sai ya fara kai matarsa Fatakwal ta hau jirgin ruwa. Gidan za a rufe, kuku da boyi duk sun koma garuruwansu, saura karensa. Wani tsohon kare ne mai gashi buzu-buzu, haƙoransa sun zube tas, shi ya sa muke ce masa Wawulo. Ba ya cin komai sai wani nama mai laushi kamar fate da ake kawowa cikin gwangwani, shi ma in da sanyi ko kallonsa ba ya yi.

"Kallamu," in ji Mai Lofe, "in na dawo na samu kare yana lafiya, tana cin abinci, akwai wuri a lori. Kai, da matarka, da yarinya."

Daga nan ya ja ni kicin ya shiga nuna mini yadda ake ɗumama abincin. Na dai ga hannunsa na motsi, na ga ruwa, na ga kwano, na ga ya tsoma yatsa a wani abu. Amma idona yana kan lorin da ke tsaye a waje, ina zaɓen inda zan zauna in jingina. Da ya tambaya ko na gane, sai na ce ai sabi, na ƙara da cewa ni na riƙe garken karnukan wani Di'o a Fankshin, har kuka suka yi ranar da na bar aiki. Alhali kusancin da na taɓa yi da kare shi ne ranar da wani ya yage mini wando a bakin kasuwa.

Na ɗora kwalin gwangwanaye a ka, na riƙe igiya, muka kama hanya ni da Wawulo. Sai da na kai gida na tuna kwanon cin abincinsa yana can kicin, an kulle, makulli ya tafi Fatakwal.

Kubura tana ganinmu ta tare ƙofar ɗaki da jikinta. Ta ce gidan da akwai kare mala'iku ba sa shiga, kuma ita da jaririya ba za ta kori mala'iku don wani tsohon kare mai warin baki ba. Na ce mata wannan ba kare ba ne, tikitin lori ne mai ƙafa huɗu. Ta ce to tikitin ya kwana a waje. Mai gidan da muke haya, Mama Obiageli, wata dattijuwar Ibo mai sayar da garin rogo, ita ta raba gardama. Ta ce in ɗaure shi a gindin gwandarta a bayan gida, amma in ya taɓa mata kaza sai ta dafa mu tare.

Washegari na jira Kubura ta shiga wankan jego, na lallaɓa na ɗauko tukunyar miyarta. Na fasa gwangwani da wuƙa na juye. Da na shinshina sai na ji abin salam, na ce lallai Turawa ba su da tausayi, yaya za a ba mai rai abinci ba gishiri ba yaji? Na zuba manja, na marmasa daddawa, na watsa barkono, na iza wuta har ya tafasa yana ɓal-ɓal. Na sauke na dire wa Wawulo tukunyar a gabansa da zafinta, na tsaya na harɗe hannu ina jiran godiya.

Ya zura harshe sau ɗaya. Ihun da ya yi har bakin titi an ji. Ya ture tukunyar, ya shiga zagaya gwanda yana naɗe kansa da igiya, kajin Mama suka watse. Kubura ta fito da ganyen wanka a hannu, ta dubi kare, ta dubi tukunyarta a kife, ta dube ni. Wannan kallon ya fi mini zagi ciwo.

Don in wanke kaina sai na ɗauki tukunyar na kai wa Malam Bubayero, limamin masallacinmu. Malam ya gyara zama ya ce abin ai mai sauƙi ne, ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki wanki bakwai ake yi mata, shi ke nan ta tsarkaka. Na dawo ina taƙama na isar da fatawa. Kubura ta ce madalla, Allah Ya ƙara wa Malam sani, tun da ta tsarkaka gobe a ciki za ta dafa miyar da ake kai masa. Na koma na gaya wa Malam. Ya shafa gemu, ya ce mas'alar tana da saɓani, a dakata tukuna sai ya sake duba littafi.

Kafin azahar labari ya gama unguwa. Duk gidan da na yi sallama sai in ji ƙarar kwanoni ana tura su ƙarƙashin gado. Wata ma murfin tukunya na tambaya, ta ce an kai aro Anacha.

Kubura ta tausaya, ta tambaye ni wai shin me Baturen ya nuna mini. Na ce wasu 'yan surkulle ne dai na ruwa da kwano da yatsa. Ta ce to ai in haka ne ta ga kamar ta gane, sai na katse ta. Na ce mai jego ta ji da kunun kanwarta, ba ita za ta koya wa mai kiwon karnukan Di'o aiki ba. Ta ce Allah Ya ba da haƙuri.

Sai dabara ta biyu ta zo mini, har na yi mamakin kaina. Me ya kai ni neman tukunya ga rana tana dukan rufin kwano kyauta? Na buɗe gwangwani na ɗora a kan rufin ɗakin Mama, na tafi majalisa na ba da labarin cewa na gano murhun da ba ya cin itace. Hira ta yi daɗi na shantake. Da na dawo sai na tarar da ungulaye sun yi sahu a kan rufi, Mama tana tsakar gida da taɓarya tana ɗura musu ashar da yarensu, wai an jawo mata mugun abu a ka a wannan marra. Ɗan abin da suka rage ya yi tsami, ƙudaje sun rufe shi. Na miƙa wa Wawulo, ya shinshina, ya juya mini baya ya kwanta.

Nan fa ido ya raina fata. Kare ya ƙi ci, harshensa ya kumbura, in ya numfasa sai ka ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin gashi. Na gwada tuwo, na gwada ƙosai, har shayi na gwada. In na dube shi kwance, abin da nake gani shi ne lori ya tashi ya bar Kubura da Sa'a a tsaye bakin hanya. Tsoro ya kama ni sosai. Amma bakina bai ji labarin ba, yana nan yadda yake.

Majalisarmu a gindin tukubar Zailani mai tsire take. Bayan la'asar kowa ke hallara, a kunna rediyo a ji abin da ƙasa take ciki, Malam Bubayero a kan benci da farar rigarsa. Na zo da gwangwani biyu a aljihu na roƙi Zailani ya ara mini gefen wuta. Ya ce in na kuskura na buɗe wannan ƙazanta kusa da namansa sai ya tsire ni a tsinke. Maganarsa ita ta buɗe mini ƙwaƙwalwa. Na miƙe na yi wa jama'a bayani cewa matsalar tun farko buɗewar ce. In ba a buɗe ba, ba wari, ba najasa, ba tukunyar kowa, gwangwani shi ne tukunyar kansa. Na tambayi Malam ko rufaffen gwangwani yana ɓata wuta, ya ce a iya saninsa bai ɓatawa. Zailani ya ce shi dai hankalinsa bai kwanta ba.

"Kai dai ka san tsire," na ce masa. "Wannan aikin injiniyoyi ne. Ai sabi."

Na tona garwashi na binne su duka biyun, na koma na zauna na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Rediyo ya gama labarai, jikin kowa ya yi sanyi. Wani ya ce an ji harbi jiya wajen tashar jirgi. Sai na karɓe zancen, na ce ni abin da ke ba ni haushi da mutanen yanzu shi ne tsoro. Na ce mu da muka yi gadin Turawa mun saba da ƙarar bindiga, in aka harba ina iya faɗin sunanta da shekarunta. Na ce ko yanzu abu ya tashi a nan, ni ne na ƙarshen tashi daga bencin nan, sai na tabbatar tsofaffi sun tsira. Zailani ya ce, Kallamu, gwangwaninka fa ya yi ciki. Na ce alamar nuna ke nan.

Daram!

Toka ta turnuƙe, garwashi ya yi sama, tsire ya watse. Ban san lokacin da na tashi ba. An ce ta kan Malam na tsallaka, ni dai ban gani ba, amma shaidu sun yi yawa. Ina cikin gudu na biyun ya tashi, sai na tsinci kaina a cikin kwata, ruwa har wuya, hulata tana tafiya abinta. Mata na salati, masu shaguna na rufe ƙofofi, Hausawa na gudu gabas, Ibo na gudu yamma, wasu suka yi karo a tsakiya suka rungume juna suka faɗi tare.

Da ƙura ta lafa na leƙo kai daga kwata. Malam Bubayero yana kwance rigingine, ido rufe, yana maimaita kalmar shahada. Gaban rigarsa ya jiƙe jagab da wani abu ja-ja mai ɗumi, ya dafe wurin yana cewa sun same shi, a gaya wa iyalinsa ya yafe wa kowa. Ba wanda ya iya matsawa kusa. Sai ga Wawulo ya ɓullo daga lungu yana jan guntuwar igiya, ashe ƙarar ta firgita shi ya fizge, ƙamshi kuma ya jawo shi. Ya tako a hankali ya tsaya kan Malam, ya shinshina, ya sa harshe. Abincin ya sha iska a hanyarsa ta sauka, ya huce daidai yadda yake so. Karen da ya ƙi ci a hannuna, ga shi yana suɗe rigar liman yana kaɗa bindi.

Malam ya buɗe ido ɗaya. Abin da ya faɗa ba zan maimaita ba, don ba a littafi ya samo shi ba.

Dariya ta fara tashi, sai ta tsaya cak. Daga bakin titi wasu samari ne suka nufo mu da sanduna da adduna, ɗan sanda ɗaya yana gaba. Labari ya riga ya kai musu cewa Hausawa sun ɓoye bom a Uwani har ɗaya ya tashi. A wannan zamani ƙaramar magana irin wannan ta isa a ƙone layi guda. Na hango Kubura a ƙofar gida ta ƙanƙame Sa'a.

Mama Obiageli ce ta ci ɗamara ta fito tsakiyar titi. Hannunta ɗaya riƙe da sabon gwangwani daga kwalina mai hoton kare a jiki, ɗayan kuma ta cafko kunnena ta fito da ni daga kwata ina ɗiga. Ta yi musu magana da yarensu, sannan ta juyo ta ce in faɗa da bakina, in kuma na rage ko kalma ɗaya ita za ta fara dukana.

To, ni da ban taɓa ba da labarin da ban zama gwarzo a ciki ba, ranar na tsaya gaban jama'a na zayyane komai, tun daga barkono, da ungulaye, har binne gwangwani. Zailani yana fassarawa da Turancin kasuwa, yana ƙara gishiri inda ya ga bai ji ba. Ɗan sandan ya ɗauki fasasshen gwangwani ya jujjuya, ya dubi Wawulo da ke bin Malam yana lasar gefen riga, ya tambaye ni da gaske rufaffe na sa a wuta. Na ce rufaffe. Ya ce wa ya koya mini. Kafin in buɗe baki majalisa gaba ɗaya ta amsa da murya ɗaya:

"Ai sabi!"

Ɗan sanda ya yi dariya har ya dafa bango. Samarin suka sauke sanduna, wani ya tsinci tsinken tsire a ƙasa ya kaɗe toka ya ci, suka juya suna ta maimaita kalmar suna nuna ni. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ban kuma taɓa jin daɗin a ce mini wawa irin ranar ba.

Hukuncina a wurin Malam shi ne wanke riga, kuma a wannan karon bai ce mas'alar tana da saɓani ba. Washegari da hantsi ina dawowa daga famfo da jiƙaƙƙiyar riga a kafaɗa, sai na hango motar Mai Lofe a ƙofar gida, lori a bayanta. Na shiga ina shirya ƙaryar da zan yi.

Na same shi tsugune a gindin gwanda. Wawulo yana cin abinci a ɓawon kwakwa, har da gurnani. Gefe ga wani fasasshen kasko da ruwa a ciki, Kubura na tsaye nesa kaɗan da tsinke a hannu. Tana gaya wa Mai Lofe ragowar ruwan wankan jegonta ne ta bari ya huce, sai da bayan hannunta ya iya jurewa kamar yadda take gwada ruwan wankan Sa'a. Ta juye naman a ɓawo, ta zaunar da ɓawon cikin ruwan ba tare da ruwa ya shiga ba, tana juyawa da tsinke don kada gefe ya yi zafi tsakiya na da sanyi. Da ya yi ɗumi ta ɗiga a bayan hannu ta ji, ta tura wa Wawulo da sanda, ko gashinsa ba ta taɓa ba. Mai Lofe yana ta gyaɗa kai yana cewa haka ne, haka ne, haka na nuna wa Kallamu.

Da ma a nan aka tsaya da na tsira. Amma Mama ta fito, kuma ba ta rage komai ba. Mai Lofe ya yi dariya har lofe ya faɗo daga bakinsa, abin da ban taɓa gani ba tun da na fara yi masa aiki. Da ya share hawaye sai ya ce Kubura da jaririya su shiga gaba kusa da direba. Ya ce akwai sauran wuri a baya, Malam da mai tsire su ma su hau, ai sun sha wahala saboda karensa. Ka ji yadda aka yi shaiduna suka biyo ni har Jos.

Mama Obiageli ta kawo sabuwar tukunya ta ba Kubura, suka rungume juna suna kuka. Bayan haka yaƙi ya zo, ba mu sake jin labarinta ba, har yau kuma tukunyar tana ɗakin Kubura.

Ni aka ɗora can saman kaya, tare da kwalayen abincin Wawulo. Rana ta take, na taɓa kwali na ji ya yi zafi, sai na tuna abin da ya faru a tukubar Zailani. Na tuɓe rigata na lulluɓe su, na cire hula ina yi musu fifita. Malam da Zailani suka koma can ƙarshen lori suka takure, duk ramin da muka faɗa sai su toshe kunne, don dai su ƙular da ni.

Da muka haye gadar Makurɗi aka tsaya a sha ruwa. Mai Lofe ya fito da Wawulo daga motarsa ya ce lokacin abincinsa ya yi. Kubura ta sauko da Sa'a a kafaɗa, ta karɓo ruwan zafi wurin mai shayi, ta ɗaga kai ta dube ni a saman kaya, ba riga, hula a hannu.

"Maigida, miƙo gwangwani ɗaya. Ko kai za ka ɗumama? Ai ka iya."

Malam ya daina alwala. Zailani ya matso. Na ji kalmomin nan biyu sun taso har sun zo bakin haƙorana, na haɗiye su da ƙyar.

"Ban iya ba, Kubura. Nuna mini."

Ta miƙo mini tsinken, ta ce wa Malam don Allah ya shaida, tun da aka ɗaura mana aure yau ne ta fara jin na yi Hausa.